Ƙi iri-iri ne, yaro

Ka kawo min takardar ɗalibin nan da ya dawo daga Khartum, wadda kake fassarawa daga Larabci zuwa Turanci, inda aka rubuta "imtana'a an huduril imtihan", kana tambaya ko "refused" za ka sa ko "disobeyed", wai wayarka ta ba ka duka biyun. Ajiye wayar nan tukuna. Ko ɗaya ba za ka sa ba. Imtana'a kamewa ce, mutum ya janye jikinsa daga abu, ba a faɗi dalilinsa ba, ba a kuma ɗora masa laifi ba. Da ita ake faɗin ƙasar da ta kame daga kaɗa ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya, abin da Bature ke kira "abstain". Rubuta "refrained from sitting the examination" ka wuce. In ka sa "disobeyed" ka mayar da ɗan mutane kangararre a gaban makarantar da zai kai takardar, alhali ba ka san abin da ya hana shi shiga ba.

Yadda ake mayar da kalma tushenta a nemo ta a ƙamus kuwa, ba zan ɓata yawuna ba. Wanda bai san imtana'a daga mana'a ta fito ba, ya koma Islamiyya.

Abin da ya sa ma na kula ka, ka tuno min da wani Alhaji ne mai harkar yadi, wanda har gobe in na hango mai irin tafiyarsa sai raina ya ɓaci. Lokacin ni ke yi wa masu jigilar alhazai da 'yan kasuwar Jidda da Dubai fassara, aiki har sai na ture wani. Shi wannan ya tara kuɗin abokan cinikinsa, ya aika wa wani Balarabe a Dubai kafin alƙalami don a ɗoro musu kwantena. Kaya suka yi jinkiri. Balaraben ya aiko da wasiƙa, layin da ke ɗauke da maganar shi ne "na'ataziru an shahnil bida'a haliyan". Duk wanda ya zauna da Larabawa ya san wannan ba da hanzari ne cikin ladabi: a yi mana uzuri, ba za mu iya ɗoro kayan ba. Ga kuma haliyan a ƙarshe, wato a halin da ake ciki. Mutumin bai rufe ƙofa ba. Na buga "we regret that we are unable to ship the goods at present", na sa hannu, na danna hatimi.

Alhaji ya sa aka karanta masa, ya murtuke fuska. "Malam, ai mutumin nan ƙi ya yi. Sa mini ya ƙi." Na ce Alhaji, da ƙi ya yi da "narfudu" zai rubuta, bai kuwa rubuta ba. Ya ce zai ƙara min wani abu. Na ce ko motar da ya zo da ita zai bar min, abin da Balarabe ya ce shi zan ce. Sai ya bushe da dariya, wai gwada ni yake, ya karɓi takarda, ya ba ni rabin kuɗina, saura sai ranar Juma'a.

Ashe so yake ya nuna wa abokan nasa cewa Balarabe ya ƙi, ya kuma danne kuɗi, kowa ya ɗauki dangana. Ya kai takardata wani shagon buga takardu, wani yaro sa'anka ya shafe layin da farin ruwan gogewa, ya buga "we refuse to ship the goods", ya zubar da "at present", aka yi fotokwafi. Hatimina na nan daram a ƙasa, da sa hannuna.

Kwantena ta iso bayan 'yan watanni, Alhaji ya fito da ita a ɓoye, sai ga yadin a kasuwa. Abokan suka maka shi kotu. Alƙali ya sa aka kira wani malamin Larabci daga jami'a, ya ɗora asalin wasiƙa kusa da fassara, ya ce fassarar ƙarya ce. Sunan wa ke kai? Da sammaci aka zo min har ƙofar shago, maƙwabta na kallo. Allah ya sa kwafin kabon ɗina na cikin fayil, shi ya wanke ni a gaban alƙali. Amma wa ya ji labarin wankewa? Abin da ya zaga gari shi ne an kama tafinta da fassarar ƙarya. Ana dab da aikin Hajji masu jigila suka kwashe aikinsu suka kai wa wani da ko rabina bai kai ba, ba su kuma dawo ba. Shi Alhaji manya suka sa baki, aka sasanta shi da abokansa a zaure, ba wanda ya tako ya ce min yi haƙuri. Rabin kuɗin nan har yau Juma'arsa ba ta zo ba, kuma mutumin nan yakan miƙo min hannu a wurin ɗaurin aure, ko kunya. Shi ya sa kake ganin hatimina a kan rubutun kansa yake hawa, kuma ba ya kwana a shago.

To ka riƙe. Rafada ƙi ne ƙiri-ƙiri. Malamanmu na zaure rafala suke cewa, kamar yadda muka samu alwala da farilla, kada ka ji ka ce sun yi kuskure. In aiki aka ƙi yi, "refuse". In abu aka miƙo aka mayar da shi, kamar takardar neman aiki, "reject". Shi "deny" tarko ne: in zargi aka musanta ankara ce, in shiga aka hana mana'a ce. Aba kuwa ƙi ne da ɗaga kai, ita aka faɗa a kan Iblis a aya ta 34 ta Baƙara, ba ta takardar ciniki ba ce.

Asa, wato yin isyani, saɓa umarni, "disobey", wadda ka so ka liƙa wa ɗalibin nan, ba ta zama sai akwai na sama mai ikon ba da umarni. Ɗan kasuwa ba ya yi wa ɗan kasuwa isyani. Ga iyaye ma kalmarsu daban, uƙuƙu. Inda na fi jin tsoronku shi ne takardun aure. Kuna ganin nushuz, wato ɗaya cikin ma'aurata ya juya wa haƙƙin ɗaya baya, sai ku rattaba "disobedience" ku miƙa kamar ta mace ce kaɗai, alhali aya ta 128 ta Nisa'i a kan miji ta faɗe ta. A fiƙihu kuma matar da aka tabbatar nashiza ce, wato mai nushuz, ciyarwarta ta faɗi. Wadda ta yi yaji don an dake ta, ba kai za ka sa mata wannan suna ba, aikin alƙali ne.

Ku 'yan yanzu kun fi son na labarai, don a ce kun iya. A Khartum a 2019 zaman dirshan da aka fara ranar 6 ga Afrilu a gaban hedikwatar soja i'itisam ne, "sit-in". Bayan an tarwatsa shi ranar 3 ga Yuni sai aka kira isyan madani, "civil disobedience", mutane suka rufe shaguna suka zauna gida. Yajin aiki idrab ne. Ƙauracewa muƙaɗa'a ce, "boycott", shi "boycott" ɗin sunan wani Kyaftin ne da manoman Ayilan suka ƙaurace wa a 1880. Tamarrud tawaye ne, in sojoji ne suka yi wa manyansu "mutiny" ake cewa, duk da haka matasan Masar suka ɗauke ta suka sa wa yunƙurinsu na 2013 a kan shugaban ƙasarsu na lokacin, Mursi. Muƙawama turjiya ce, "resistance", mai yi ne ke kiran kansa da ita, wanda ake yi wa kuwa mutamarrid zai kira shi. Haka Turawa suka rubuta mutanen Satiru ta kusa da Sakkwato a 1906 a matsayin 'yan tawaye. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 sojoji ke kiran dakarun RSF, waɗanda suke gwabzawa da su, da mutamarrida. In sanarwarsu kake fassarawa ka sa "rebel" a bakinsu, kada ka sa a naka.

Daga yau kullum da dare ka kama labaran Larabci a rediyo, ka rubuto min duk inda aka ce muƙawama ko tamarrud, da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa a kansa. Da biro a littafi nake so, kada ka turo min ta WhatsApp.