Jikina ko'ina ciwo, gwaji kuma ya ce lafiyata ƙalau

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na daɗe jikina yana ciwo ko'ina, wuya, kafaɗu, baya da cinyoyi. In na tashi da safe kamar an yi min duka, ga mantuwa. An yi hoto, an ɗebi jini, ba a ga komai ba, har maigida ya fara cewa raki ne. Wani likita ya ce faibromayaljiya ce. Yanzu maƙwabciyata tana sayar min da ƙwayoyin gina jiki, ta ce na ganye ne, kuma na ji sauƙi har na yi ƙiba. In ci gaba da sha? Daga wata uwa a Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Ki faɗa wa maigida faibromayaljiya, wato ciwon nan da ke bin jiki ko'ina, gaskiya ne. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne suke ruruta saƙon zafi, shi ya sa hoto da jini ba sa kama shi. Gwajin da muke yi na kore wasu cututtukan ne, kamar ƙarancin jini, raunin tayirod (ƙullin da ke gaban wuya) da amosanin gaɓɓai. A ƙa'idar gano ciwon ta 1990 ana danna wurare 18 a jiki, a ga ko 11 sun yi zafi. Likitocin gaɓoɓi na Amurka sun bar wannan tun 2010. Yanzu muna duba ciwon da ya bazu a jiki ya kai wata 3, tare da gajiya, barcin da ba ya wartsakarwa, da mantuwa.

Ƙibar da kika ambata ce ta tayar min da hankali, 'yar'uwa. Kullum sai an zauna gabana an ce "ai na ganye ne, ba ya cutarwa". Wa ya ce? Ƙwayar da ta ɗauke ciwo cikin 'yan kwanaki, ta buɗe ci, ta cika kumatu, sai mun zargi an cusa mata deksametason, wato sha-ka-fashe. Haka ma haɗin da wasu masu kemis suke ƙullawa a farar leda ba suna. Mace za ta shigo fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, hannu da ƙafa sun sirance, ga nankarwa ja a gefen ciki, dangi kuwa suna ta barka wai ta murmure. Mu auna, sukari ya hau, jini ya hau, ƙashi yana rauni. Abin takaici, deksametason ba ya maganin faibromayaljiya ko kaɗan. Mai tallar zai nuna miki lambar NAFDAC. Ki duba, in lambar ta ƙare da harafin L, ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da cutar da ake tallarsa a kai. Wanda ya ce kwalba ɗaya tana maganin sanyi, basir da ciwon jiki, kuɗinki yake so, kuma Allah zai tambaye shi.

Kada ki daina sha lokaci guda. In akwai deksametason a ciki, yanke shi haka kawai yana iya faɗar da jini har mutum ya suma. Ki ɗauki kwalbar ki kai asibiti, a auna sukari da hawan jini, a janye shi a hankali.

A cikin ƙwayoyin gina jiki, bitamin D yana da amfani in gwaji ya nuna ya yi ƙasa. Sinadarin magniziyam hujjarsa ba ta da ƙarfi, mai ciwon ƙoda ma ya guje shi. Abin da ya fi tabbata shi ne motsa jiki. Ki fara tafiya ta minti 10 bayan la'asar, kina ƙarawa sannu-sannu ko da kin ji tsami a farko. Likita yana iya ƙara miki maganin amitiriftilin kaɗan da dare saboda barci. Ki nemi takardar turawa zuwa asibitin Barau Dikko ko na Shika, kuma ki tafi da duk sakamakon gwajinki na baya don kada a sa ki sake biya.