Ni ma an taɓa ƙona min nawa

Assalamu alaikum. Ƙanwata da kika yi tambaya jiya da daddare, kika ce tun kina aji uku na ƙaramar sakandare kike rubutu, yanzu an sa miki rana, wanda za ki aura kuma ya ce shi ba ya son a kira matarsa marubuciya, kina neman shawara ko ki haƙura ko ki ci gaba a ɓoye da sunan aro. Wallahi ina gama karantawa na kife wayar na yi tagumi. Na ga amsoshin da aka ba ki, masu cewa ki yi istihara, masu cewa aure ya fi komai. Ba su yi ƙarya ba. Sai dai babu wadda ta gaya miki yadda barin yake, ni kuwa na bari, har shekara tara.

A 2007 abin ya faru, shekarar da aka ƙona littattafan hikaya a wata makarantar 'yan mata a Kano, ko'ina ka zauna zancen ke nan, wai mu ne muke lalata tarbiyya. Ina amarya a gidan gandu, ina da cikin fari. Littattafan makaranta masu shafi 80 nake saya, na cika guda bakwai da shuɗin biro, ina ɓoye su a cikin kwalla ƙarƙashin zannuwan gado. Ranar wata Talata na tafi awo, yayar mijina ta shiga ɗakina wai aron faranti. Faranti a cikin kwallar zannuwa! Ina dawowa na tarar tsakar gida cike, tana zaune a kan turmi, littafina a hannunta, tana karantawa da ƙarfi tana maƙale murya, facaloli suna ta sheƙa dariya har da tafawa. Labarin ma ba na soyayya ba ne. Wata yarinya ce mijinta ya rasu tana takaba a hannun dangin miji. Sai ta ɗago ta ce, "Wannan uwar mijin ai Hajiyarmu ce, ku ji yadda ta siffanta ta." Na rantse da Allah ban taɓa kawo Hajiya a raina ba, tun ina gidanmu na fara shi.

Da maigidan ya dawo daga kasuwa, ko ruwa bai sha ba aka tare shi a zaure. Bai tambaye ni komai ba. Ya kwashi bakwai ɗin ya tura a murhu, tukunyar tuwo na kai. Har yau in na ji ƙaurin takarda sai gabana ya faɗi. Da asuba na je kwasar toka na tsinci rabin shafi da wuta ba ta cinye ba, layi huɗu ne, yana nan cikin jakar takardun makarantata.

Shi na daɗe da yafe masa, zuga shi aka yi, ga ƙuruciya. Ita ce dai, yayar tasa. Matar nan fa ita ce ke aiken yara shagon haya su karɓo mata littafin hikaya na ɗaya da na biyu da na uku, ta ƙule a ɗaki har girki ya kama. Karatun halal ne, rubutun ne haram. Kuma don ku ji ƙarfin hali, bara ta turo min saƙo wai in sa ta a gurup ɗin littafina kyauta tunda 'yar gida ce. Na sa ta. Ban san me ya sa na sa ta ba, har yanzu ina jin haushin kaina.

Shekara taran nan ba zaman lafiya na saya da su ba. Ina wanke-wanke mutane suna magana a kaina, in kwanta barci ya ƙi zuwa, in tashi da ciwon kai in sauke a kan yara. Ina ganin sunayen waɗanda muka fara tare a bangon littafi a kasuwa sai in kawar da kai. Sai 2016 da na ji sanarwar gasar Hikayata a BBC Hausa, ta mata zalla, gajeren labari. Na rubuta a waya da babban yatsa, cikin dare, yara na barci. Ban ci ba, ko sunana ba a ambata ba. Amma kafin in tura sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko: bayan ya ci abinci na ce, "Baban yara, ka ba ni minti goma." Na karanta masa, muryata na rawa. Ya yi shiru can ya ce, "To daga nan yarinyar ta koma gidan ko ba ta koma ba?" Shi ke nan.

Don haka ni dai ban ce ki rabu da shi ba, ban kuma ce ki bari ba. Ki yi maganar yanzu, kafin a shafa fatiha. Yawancinsu ba su taɓa karanta ko shafi ɗaya ba, abin da suke ji a majalisa ne, da 'yan guntayen batsar da ake yawo da su a WhatsApp. Ki ɗauki babin da kika fi so ki ba shi. In da yayanki ko kawunki mai fahimta, ya zauna a wurin. In ya kawo zancen addini, ki tuna masa cikin ladabi cewa Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo da aurenta ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, mijinta kuma Waziri Giɗaɗo ne.

Sunan aro ba laifi ba ne, rabinmu a nan da sunan 'ya'yanmu aka san mu. Ɓoye wa duniya daban, ɓoye wa wanda kuke kwana ɗaki ɗaya daban. Waya ba kwalla ba ce, amma ita ma ana buɗe ta.

Kuma don Allah kada ki biye wa masu cewa sai kin sa "yaji", wato batsa, za a biya kuɗin littafinki. Su suka ja mana wannan baƙin jinin. Kuɗin ma nawa ne? Ki sha wahala wata shida, mutum ɗaya ta biya ta watsa wa dubu, gobe ki ji wani ƙato yana karanta shi a YouTube ya cire sunanki ya canza wa littafin suna. An yi min sau biyu. Na yi magana aka ce in gode Allah ana tallata ni. Allah ya isa dai.

Duk babin da kika gama ki tura wa kanki ta imel, ko ki ajiye kwafi wurin wata aminiya. Da ina da na biyu a 2007 da ban yi kukan da na yi ba. Na gwada sake rubuta labarin mai takabar nan sau uku, ya ƙi dawowa yadda yake.

Turo min babi ɗaya ta akwatin sirri in gani. Bayan isha nake dubawa, in an kawo wuta.