Dokin haya a Kumasi: a lissafa harawa kafin a ɗaura sirdi

Wani ɗan'uwa mai sayar da hatsi a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ƙasar Gana, ya aiko mini da tambaya. Ya ce shekara tara ke nan yana sayar da masara da gero da dusa, ya tara sidi 40,000 ta hanyar susu, wato adashi, kuma wani dillali ya yi masa tayin ingarma daga Bawku, can arewacin Gana, a kan sidi 18,000. Niyyarsa ya riƙa ba da shi haya ga angwaye da masu hawan salla da masu son ɗaukar hoto. An gaya masa ana biyan wajen sidi 800 a kowace fita, kuma wani mai doki a unguwarsu ya ce yana kashe kusan sidi 1,500 a wata wajen abinci da yaron da ke kula da nasa. Tambayarsa ita ce: ya saya, ko ya haƙura?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Da alƙalumanka zan yi aiki, tunda kai ka kawo su, kuma su kaɗai sun isa su ba ka rabin amsa.

Sidi 1,500 sau wata 12, sidi 18,000 ke nan. Ka ga kuɗin dokin ne cif. Wato duk shekara sai ka sake sayen dokin nan a cikin kwanon cinsa, ko ya fita aiki ko bai fita ba. Raba 18,000 ɗin da 800, za ka ga sai ya fita sau 23 kafin ya biya abin da ya ci. Ba mu sa kuɗin likita ba, ba mu sa sirdi da linzami da jalala ba, ba mu sa ginin barga ba, ba mu sa motar da za ta kai shi in bikin a nesa yake ba. Sannan dabba ce mai rai. Ni in ina lissafa irin wannan, nakan ce a ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗin saye kowace shekara, saboda ranar da zai kwanta bai tashi ba. Sidi 6,000 ke nan a kai. Jimla 24,000, fita 30 a shekara kafin sidi ɗaya ya zama naka.

To, yanzu ɗauki kalanda. Yawancin bukukuwanmu na Zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi, ranar Lahadi ake yi, kuma Lahadi 52 ne a shekara. Cire na watan azumi. Cire waɗanda ruwa zai ɓata, ka san Kumasi damina biyu gare ta, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Cikin abin da ya rage, angwaye nawa ne ke neman doki ba mota ba? Cikin masu neman dokin, nawa ne za su tsallake mutanen da aka sani da barga tun iyayensu su zo wurin sabon shiga? Ƙara salla biyu da Maulidi, inda kowa ke son hawa a rana ɗaya, kai kuwa doki ɗaya gare ka. Ban ce fita 30 ba za ta samu ba. Cewa na yi mutumin da ya ba ka labarin 800 bai gaya maka sau nawa ake kiransa ba, kuma a nan maganar take.

Akwai kuma abin da ya girmi ni da kai. Ba banza ba ne aka san Dagomba da Mamprusi da Gwanja da dawaki, Asante kuwa da sojan ƙasa suka yi yaƙe-yaƙensu. Kurmi gidan ƙudan tsando ne, mai sa sammore, kuma doki ba ya jure cutar nan kamar yadda gajerun shanun kurmi ke jurewa. Kakanninmu fataken goro ma a garin Salaga da ke arewa suka fi yada zango da dabbobinsu. A yau an sare dajin da ke kewaye da gari, don haka dokin da ke ɗaure a unguwar Asawase ko Sawaba bai cika haɗuwa da tsando ba. Amma ranar da aka ɗauke shi biki a ƙauye, ko yaro ya kai shi kiwo bakin rafi, ya shiga hatsari. Kana ganinsa yana ci amma yana ramewa, zazzaɓi na zuwa yana tafiya, ƙafafu da ƙasan ciki na kumbura. A nan mutane ke yin babban kuskure: su ruga su sayo allurar sammore ta shanu su danna masa. Wasu daga cikin magungunan nan jikin doki ba ya ɗaukar su yadda na saniya ke ɗauka, suna iya ƙarasa abin da cutar ta fara. Likitan dabbobi ne zai ɗibi jini ya duba, shi zai zaɓi magani da awonsa. Akwai ofishin likitocin dabbobi na gwamnati, akwai kuma makarantar koyon likitancin dabbobi a jami'ar KNUST. Ka san ƙofar da za ka buga tun dokin bai iso ba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Laima kuma ita ce abokiyar gaba ta kullum. Dokin da ya tashi a busasshiyar ƙasar Bawku, in ya tsaya cikin dagwalon fitsari da ruwan sama, ƙasan kofatonsa ruɓewa yake, ya yi wari, ya fara ɗingishi. Dokin da ke ɗingishi kuwa babu angon da zai hau. Dole daɓen barga ya zama mai gangara, a share safe da yamma, a gyara kofato duk mako shida zuwa takwas. In ka bar kashi ya taru, maƙwabta za su kai ƙara, 'yan tankas, wato masu duba tsaftar gari, su zo maka da takarda.

Bari in daɗe kaɗan a kan abinci, don a nan nake jin tsoron sana'arka za ta cuce ka. Na san abin da ke ranka: ai ni mai hatsi ne, ciyar da doki ba zai yi mini wuya ba, ga sharar rumfa, ga buhun da ya jiƙe. Kul. Masarar da ta yi fumfuna, wadda kaza ko akuya za ta iya ci ta tsira, tana da gubar da ke taɓa ƙwaƙwalwar doki. Sai ka ga yana tangaɗi, yana zagaye wuri ɗaya, yana dafa kai a bango, kuma da wuya a ceto shi. Haka abincin kaji na kamfani: wasu ana zuba musu maganin cutar hanji ta kaji, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki. Kumasi garin masu kiwon kaji ne, buhunan nan suna ko'ina, yaron barga kuwa ba karatun jikin buhu yake yi ba.

Doki ba ya amai. Abin da ya shiga cikinsa sai ya bi hanya har ƙarshe, shi ya sa ƙullewar ciki ke kashe dawaki da yawa. Ciyawa ce asalin abincinsa, hatsi ƙari ne. Dokin ƙasarmu mai nauyin kilo 350 yana buƙatar wajen kilo 7 na busasshen abinci a rana, mafi yawansa harawa da ciyawa, wato sama da kilo 200 a wata, tan biyu da rabi a shekara. Ruwa kuma lita 25 zuwa 40 a rana, ya fi haka in ana zafi ko ya yi aiki. Dusa zalla ba ta riƙe doki. Sinadarin gina ƙashi ya yi mata ƙaranci, dokin da aka daɗe ana ɗura wa ita ba harawa ƙashinsa laushi yake yi, har fuska ta kumbura. Harawar gyaɗa da ta wake su ke cike wannan giɓin. Kuma daga ina harawar kirki ke zuwa Kumasi? Daga arewa, a bayan mota, tafiyar kusan kilomita 380 in daga Tamale ne, ta Kintampo da Techiman. Duk ranar da man fetur ya tashi, harawa ta tashi. Ka tuna Disambar 2022, da hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari. Mai kanti ya iya rage kayan da yake sarowa, mai doki kuwa ba shi da yadda zai ce wa dokinsa ya yi azumi.

Kuma a wannan wahalar tasu nake hango maka kasuwa.

Duk mai doki a garin nan, daga fadar sarakunan Zango har zuwa masu hawar da baƙi a wajen tafkin Bosomtwe, harawa yake nema, kuma ciwon kansa ɗaya ne: samun mai kyau, busasshiya, marar fumfuna, a tsakiyar damina. Ba su kaɗai ba. Masu turke raguna da shanu don layya sun ninka masu dawaki sau da yawa, kuma abin da suke nema ke nan. Kai kana da abin da sabon shiga ba shi da shi: ka san direbobin da ke sauko da hatsi daga arewa, kana da rumfa, mutane sun saba sayen dusa a hannunka. Ana girbin gyaɗa da wake a arewa wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin harawa ke araha, hunturu kuma ya busar maka da ita kyauta. Da ni ne, sidi 15,000 zan sa a nan. In nemi ɗaki mai iska wanda rufinsa ba ya yoyo, in shimfiɗa katako don kada dami ya taɓa ƙasa, in bar tazara tsakaninsa da bango. Ribar a ajiya take, asarar ma a ajiya take, domin dami ɗaya mai laima yana iya ɓata na kusa da shi, har ya ɗau zafi. Kada ka ba da bashi mai tsawo ga manyan mutane don kunya. Mai babbar riga ya fi kowa wuyar bi bashi, kai ma ka sani.

Abu na biyu, kayan doki. Sirdi mai kyau, jalala mai aiki, linzami da likkafa masu ƙyalli, alkyabba da rawanin ango. Waɗannan ba sa ci, ba sa sha, tsando ba ya cizon su. Sau da yawa mai doki yana da dabba mai kyau amma kayansa sun tsufa, ango kuwa hoto yake so. Sa sidi 5,000 zuwa 7,000 ka haɗa saiti ɗaya na gani na faɗa, ka riƙa ba da haya. Abin da za ka kiyaye kawai shi ne laima da ɓera, a shafa wa fata mai, a shanya jalala bayan kowace fita.

Na uku shi ne wanda zai amsa tambayarka da gaske. Shekara guda ka zama mai haɗa ciniki. Ka yi magana da mutum biyu ko uku masu dawaki, in an zo neman doki wurinka ka ɗauko nasu da yaronsu, ka ɗora kayanka, ku raba kuɗin yadda kuka shirya tun farko. Ka sayi littafi, duk wanda ya tambaya ka rubuta: rana, unguwa, nawa ya taya, ya biya ko ya fasa. Ka karɓi rabin kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kafin doki ya bar turke. Bayan salla biyu da damina biyu, littafin nan zai gaya maka ko fita 30 tana nan ko babu, kuma da kuɗin wasu ka koyi darasin. Sauran sidi 18,000 zuwa 20,000 da suka rage maka su zauna a cikin hatsinka, inda ka san yadda suke juyawa.

In littafin ya nuna kasuwa na nan, ko kuma zuciyarka ta ƙi haƙura (na san son doki, ba a yi masa magani), to ga sharuɗɗana. Kada ka saya ta hoton WhatsApp. Ka je da kanka, tare da dattijon da ya san dawaki wanda ba abokin dillalin ba ne. A buɗe baki a duba haƙora: doki yana gama sauya haƙoran gaba a wajen shekara biyar, kai kuma mai shekara shida zuwa goma kake so, wanda hankalinsa ya kwanta. A sa shi sassarfa a kan ƙasa mai tauri don ɗingishi ya fito fili. A cire sirdi a duba gadon baya ko akwai tsohon miki. Ingarma mai zafin kai yana burge 'yan kallo, amma angon da bai taɓa hawa ba za ka ɗora masa, a kan kwalta mai santsi, ga kalangu, ga pragya da aboboya, babura masu ƙafa uku, suna ta hon, ga yara suna kutsawa ƙarƙashinsa. Shuri ɗaya ga ɗan mutane zai cinye ribar shekara, ya bar ka da zaman sulhu a gaban mai unguwa. Don haka yaronka ba ya sakin ragama daga fita har dawowa, ko ango ya ce shi jikan mahaya ne.

Ka karɓi takardar izinin tafiya da dabba daga likitan gwamnati na can kafin a loda shi. In ya iso, a ware shi daga sauran dawaki mako biyu zuwa uku, a yi masa allurar tetanas da maganin tsutsar ciki, a cire kaska, a sauya masa abinci sannu a hankali cikin kwana goma. Wata guda na farko ba haya, sai kilisa da sassafe cikin unguwa har ya saba da ƙarar gari.

Kuma kada kuɗinsa ya fito daga jarin rumfa ko daga bashi. In harawa da hayar kaya sun tara maka 18,000 na saye da wani 9,000 na cin wata shida a gefe, sai ka kira dillalin Bawku. In ya ce wancan ingarman an sayar, ka ce masa ya nemo wani.