Tambaya da Amsa: Ƙullutu a ɗan maraina da ba ya zafi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni matashi ne ɗan shekara 27 daga Kumo a jihar Gombe. Kusan wata biyu ke nan ina jin wani ƙullutu mai tauri kamar ƙwayar gyaɗa a ɗan marainana na dama. Ba ya zafi, sai dai nauyi. Mai kemis ya ba ni maganin sanyi amma bai baje ba, wani kuma ya ce gwaiwa ce. Aurena ya kusa. Don Allah a sakaya sunana.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Rashin zafin nan da ya kwantar maka da hankali shi ne ya ɗaga nawa, domin ciwon dajin maraina yakan fara ne da ƙullutu mai tauri ko kumburi a ɗan maraina guda, galibi ba tare da raɗaɗi ba, kuma ya fi kama maza 'yan shekara 15 zuwa 40. Wasu sukan ji nauyi a jakar maraina ko ciwo mai nuƙurƙusa a mara, kaɗan kuma nononsu yakan kumbura. Wanda aka haifa ɗan marainansa bai sauko cikin jaka ba, ko wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yin cutar, ya fi zama cikin haɗari.

Ban ce abin da ke damunka ke nan ba, domin cutar ba ta da yawa a tsakanin baƙar fata, kuma yawancin kumburin wurin daga gwaiwa, ƙaba ko ƙwayoyin cuta yake. Sai dai gwaiwa ruwa ne da ke taruwa ya kewaye ɗan maraina, yayin da kai tauri ka ji a jikinsa, kuma hannu kaɗai ba ya raba gardama. Saboda haka kada makon nan ya wuce ba ka je asibiti ba. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana da likitocin mafitsara, inda za a duba ka, a yi maka hoton sikanin na maraina da gwajin jini. Kada ka bari wanzami ya tsaga wurin, kada kuma kunya ta sa ka ce wa likita mararka ce kawai ke ciwo.

Idan ta tabbata daji ne, ana cire ɗan marainan ta hanyar tiyata a matse-matsi, wani lokaci a biyo da alluran kashe ƙwayoyin daji ko gashi da na'ura. Fiye da mutum 90 cikin 100 suna warkewa idan aka kama shi da wuri. Game da aurenka kuwa, ɗan maraina guda mai lafiya yakan wadatar wajen kusantar iyali da samun haihuwa, amma ka tattauna batun haihuwa da likita kafin a fara allurai, domin suna iya rage maniyyi.

Ga sauran masu karatu, yana da kyau a riƙa laluba kowane ɗan maraina tsakanin babban yatsa da sauran yatsu bayan wanka da ruwan ɗumi, sau ɗaya a wata. Ɗaya ya ɗan fi ɗaya saukowa ba matsala ba ne, haka ma jijiya mai laushi da ke bayansa. Amma zafi mai tsanani da ya taso farat ɗaya, musamman tare da amai, yana iya zama murɗewar ɗan maraina, wadda ke buƙatar tiyata cikin awa 6, ko da tsakar dare ne.