Shakazobar baya ta babban babur: tauri ba shi ne ƙarfi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, Legas, ina da babban babur Honda mai injin 750, tokumbo (na hannu daga ƙasar waje), mai shakazoba biyu a baya. Kwanan nan ta hagu tana yoyon mai, kuma in na faɗa rami sai in ji ƙara daga ƙasa, bayan mashin ya yi ta lilo. Makon jiya na goyo maiɗakina, muna shan kwana bayan gadar Pen Cinema sai bayan ya kama rawa, da ƙyar na riƙe shi. Bakanikena ya ce ko dai a huda ta a ɗura mata man inji a cusa roba a sifirin, ko in sayo wadda ta fi kowacce tauri. Wanne zan bi? Gaskiya hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba. Kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu, kuma ka dakata da goyo har sai ka canza. Man da ka gani yana zuba shi ne yake danne sifirin ya hana shi tsalle. Tunda ya tsiyaye, a gefen hagu sifirin kaɗai kake hawa, shi ya sa bayan yake lilo. Ga shi ta hagu ta mutu ta dama na aiki, a kwana sai kowane gefe ya ja nasa.

Bari in tsaya a kan maganar tauri, domin ita ce take kayar da mutane a garin nan. An ɗauka in mutum ya danna bayan babur da hannu bai motsa ba, to ya samu mai ƙarfi. Aikin shakazoba shi ne ta riƙe taya manne da kwalta. In taya ta hau tudu ta ba ta hanya, in ta faɗa rami ta tura ta ƙasa ta bi shi. Mai tauri ba ta yin haka. Tana dukan gargada sai tayar ta tashi sama na ɗan lokaci, kuma tayar da ke sama ba ta da birki, ba ta da riƙo. A busasshen titi wataƙila ka sha da ciwon baya kawai. Amma ka auna mahaɗan ƙarfen da ke kan gadar Third Mainland da damina, kana gudu, ka taka birki daidai lokacin da tayar ta daka tsalle. Nan ne ake cewa mashin ya zame, alhali a gareji aka shirya zamewar.

Su kuma masu yanka tsohuwar taya su cusa tsakanin zoben sifirin, abin da suke yi shi ne kashe wasu zobba, ragowar su ɗauki duk nauyin. Dukan da ya kamata sifirin ya shanye sai ya wuce kai tsaye zuwa kunnen da aka ɗaura shakazobar a jikin firam. A hankali wurin ya tsage, a kai wa mai walda ya liƙe, ya sake tsagewa a gefen waldar. Haka ma masu ƙara shakazoba ta uku da ta huɗu, dabarar da aka aro daga masu jigilar buhuna a kasuwar Mile 12. Firam ɗin ba a yi shi don haka ba.

Huda kuwa ganganci ne. Da yawa daga shakazobar manyan babura akwai iskar naitirojin a matse a ciki. Ka sa mata na'urar huda ko wutar walda, tana iya feso mai da ɓarɓashin ƙarfe a fuska. Ko an huda lafiya, man inji ya yi mata kauri: da sanyin safiya ta ƙage kamar itace, in ta ɗau zafi man ya tsinke ya yi kumfa, ta koma lilo. Kuma robar da ke tare mai, wadda ta fashe har man farko ya zube, tana nan yadda take. Wanda ya ce zai gyara maka ita da man inji, kuɗinka zai karɓa sau biyu.

Yanzu zaɓi. Ka ɗaga mashin a kan tsayuwar tsakiya har tayar baya ta bar ƙasa, ka auna daga tsakiyar ramin noti na sama zuwa tsakiyar na ƙasa, da milimita. Na irin waɗannan babura yawanci tsakanin 300 ne da 360. Ka nemi daidai da naka. In ta fi tsawo sosai, bayan zai ɗaga, kan mashin ya riƙa rawa a gudu, sakin sarƙa ma ya canza. In ta gaza, taya za ta riƙa gogar madigadi. Ka auna faɗin ramin, ko 10 ne, ko 12, ko 14, ka duba ko ƙasanta zobe ne ko mai baki biyu. Mafi sauƙi, ka cire tsohuwar ka tafi da ita kasuwa.

Sai nauyi. Mashin ɗinka ya haura kilo 200, Bajaj Boxer kuwa wajen 120 ne. Don tsawonsu ya zo ɗaya ba zai sa ta Boxer ta ɗauke ka ba. Ka gaya wa mai kaya samfurin babur da shekararsa, da nauyinka, da cewa kana goyo. Honda kan fito da shakazobar kamfanin Showa daga masana'anta. Kamfanonin YSS da Hagon suna yin madadi bisa samfuri. A kasuwar Ladipo ko ta Trade Fair za ka ga masu ɗan tulu a gefe, ja ko ruwan zinari, a farashin banza. Da yawa tulun ado ne, babu komai ciki. In tokumbo za ka saya, duba sandar ƙarfen: tsatsa ko ƙarzuwa kaɗan ta isa ta yanka robar mai, kuma iskar Legas mai gishiri ba ta raga wa ƙarfe. Biyu za ka saya iri ɗaya, ba a canza guda.

In an zo ɗaurawa, a yi ɗaya bayan ɗaya, a sa sababbin bushi, wato robar da ke cikin ramin noti, kuma kada a ƙarasa ɗaure noti sai an sauke mashin ya tsaya da nauyinsa, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage. Daga nan ka auna daga tsakiyar tayar baya zuwa wata alama a firam, taya na sama. Ka hau ka zauna, wani ya sake aunawa. Bambancin ya zama kusan milimita 30 zuwa 35. Da zobe mai matakai da ke ƙasan sifirin ake daidaita wannan, gefe biyu a mataki ɗaya, kuma ranar goyo ka ƙara mataki ɗaya ko biyu. In ka kai matakin ƙarshe har yanzu yana nutsewa fiye da 40, sifirin ya yi maka laushi, ka mayar a canza maka mai ɗaukar nauyinka.