Jirgina yana tsinkewa a Paris: ma'ajiyar katin hoto ce ko RAM?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maradi. Kwamfutata ta tebur ce, RAM, wato ma'ajiyar aiki ta ita kanta kwamfutar, giga 16, katin hoto GTX 1650 mai giga 4, kuma ina koyon tuƙin jirgi da Microsoft Flight Simulator na 2020. In na tashi daga Maradi zuwa Yamai komai lafiya lau. Amma da na doshi filin Charles de Gaulle na Paris sai hoto ya riƙa tsayawa yana fizga, wani lokaci ma wasan ya rufe kansa. Wani abokina ya ce in ƙara RAM, wani ya ce sai kati mai giga 12. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na biyun ya fi kusa da gaskiya, amma kada ka taɓa aljihu tukuna.

Ma'ajiyar da ke jikin katin hoto, wadda ake kira VRAM, wurin ajiya ce kawai. Ba ita ke zana hoto ba. A cikinta ake jibge hotunan da ake lulluɓe jikin jirgi, gine-gine da ƙasa da su, da siffofin abubuwa, da inuwa, da shi kansa hoton da za a miƙa wa allo. Muddin kayan sun shiga, mai giga 4 da mai giga 12 gudunsu ɗaya ne in ƙwaƙwalwar katin iri ɗaya ce. Ranar da ta cika ne ake ganin bambanci, kuma ba a hankali yake zuwa ba, rana tsaka yake faɗowa.

Dalili kuwa shi ne Windows ba ta tsayawa don ma'ajiyar ta cika. Sai ta tura rarar kayan zuwa RAM, katin ya riƙa ɗauko su ta ramin da aka soka shi a jikin babban allon kwamfuta. Katinka yana karanta ma'ajiyarsa da gudun giga 128 a sakan, ko fiye in sabon samfuri ne. Ramin nan kuwa, irin PCIe 3.0, iyakarsa wajen giga 16 a sakan. Ninki takwas ke nan. Kamar ɗan kasuwa ne da shagonsa ya cika, ya kai sauran kaya sito a wata unguwa: ciniki na tafiya daidai har sai an nemi abin da ke sito, sai kowa ya tsaya jiran yaro ya dawo. Wannan jiran shi ne fizgar da kake gani, musamman in ka juya kai cikin ɗakin matuƙi ko ka sauko dab da titin sauka.

Shi ya sa hanyar Yamai ba ta ba ka wahala. Gonaki ne da fili da garuruwa jefi-jefi. Paris kuwa, tun Afrilun 2021 kamfanin Asobo da ya ƙera wasan ya sa mata gine-ginen da aka ɗauko daga hotunan sama, ga katafaren fili cike da jirage, kowane da nasa fenti. Hoto guda mai faɗin 4096 da tsawon 4096 yana cin mega 64 in ba a matse shi ba, matsattse kuma mega 16 ko ƙasa. Jirgi guda mai kyau yana ɗauke da irinsu da yawa. Giga 4 ba ta da wuyar cika.

Kafin komai, auna. Kana cikin wasan ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, a tagar da za ta buɗe ka shiga sashen da ke nuna aikin katin hoto. Akwai layin ma'ajiyar katin ta kansa, akwai na wadda yake ara daga RAM. In na farko ya manne a 3.8 ko 3.9, na biyu yana hawa daidai lokacin da hoto ke fizga, to ka kama ɓarawonka. In kuwa da sauran wuri amma har yanzu yana fizga, ka tuhumi babbar ƙwaƙwalwar kwamfutar ko intanet, domin wasan nan daga intanet yake jawo ƙasar da kake bi ta kanta.

In ta tabbata, fara da saitin kaifin hotunan lulluɓi: sauko da shi zuwa matsakaici, ka rufe wasan ka sake buɗewa. Shi ya fi kowane cin wuri. Sai nisan da ake zana ƙasa dalla-dalla, ka ajiye shi a 100 ko ƙasa. Rage jiragen da ke fake a fili, kashe gine-ginen hoton sama in za ka Paris, a saitin DirectX, wato hanyar da wasan ke magana da katin hoto, ka zauna kan 11, don a 12 wasan ne da kansa ke rabon ma'ajiya kuma ƙananan katuna sun fi shan wuya. Rufe Chrome da bidiyon da ke buɗe a gefe, su ma suna gutsurar rabonsu. Kada kuma ka haɗa katin nan da talabijin 4K: ɗigon hotonsa ya ninka na allo mai layi 1080 sau huɗu.

Batun rufewa yana da fuska biyu. In wasan ne kaɗai ya fita ya bar ka a Windows, mai yiwuwa RAM da wurin aron da Windows ke yi a faifai sun ƙare tare, ko katin ya yi shiru fiye da sakan biyu, Windows ta sake tayar da shi. A nan mai cewa ka ƙara RAM yana da ɗan rabonsa na gaskiya. Amma in kwamfutar ce ta mutu ɗungurungum, ka bar zargin ma'ajiya. Zafin Afrilu da Mayu a garin nan yana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka, ga wuta mai hawa da sauka. Buɗe akwatin ka hure ƙura, ka nemi ondiler, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta.

In har za ka saya, Microsoft ta sa giga 2 a matsayin mafi ƙaranci ga wasan 2020, giga 4 daidai misali, giga 8 mafi kyau. A na 2024 lissafin ya koma 4, 8 da 12, wato katinka ya zama na ƙarshen layi. Ni a ganina RTX 3060 mai giga 12 ya fi dacewa da mai tuƙin jirgi a kan wasu masu giga 8 da suka ɗan fi shi gudu, sai dai ka duba da kyau, akwai 3060 mai giga 8. Kada yawan giga kaɗai ya ruɗe ka: GT 730 ma akwai mai giga 4, kuma ba zai ɗaga maka jirgi ba. Ka tuna GTX 1650 wat 75 yake ci, 3060 kuwa 170, don haka akwatin wutar kwamfutarka ya kai wat 550 kuma ya kasance da igiyar da za a soka wa katin. In na hannu ne, a sa shi a kwamfuta a gabanka ya yi aiki mai nauyi na rabin awa kafin ka ƙirga jika ko ɗaya.