Shin hannun da ya shanye yana farfaɗowa bayan wata shida?

Malama, kin tambaya ko akwai sauran amfani a ci gaba da kai mahaifinki gashi, tunda wata shida ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Akwai amfani ƙwarai. Gaskiya ne cewa mafi yawan sauƙin yana zuwa a cikin wata ukun farko, amma ƙwaƙwalwa ba ta daina gina sababbin hanyoyin aika saƙo ba muddin ana maimaita motsi.

A shekarar 2006 an wallafa binciken EXCITE a Amurka, wanda ya ƙunshi marasa lafiya 222 da suka yi wata uku zuwa tara da kamuwa. An rufe wa kusan rabinsu lafiyayyen hannun da safa ta musamman na tsawon mako biyu, aka sa su aiki da raunannen har awa shida a rana, kuma ingancin da suka samu ya ɗore fiye da shekara guda. Sai dai an zaɓi waɗanda suke iya ɗan motsa wuyan hannu da yatsu ne, saboda haka likitan fisiyo, wato likitan gashi, ya fara duba Baba kafin ku gwada wannan hanya a gida.